Buhu Huɗu Na Ɓawon Kawa Zuwa Tibiri

Mun tashi da asuba ranar Laraba, ana sallame salla muka ɗora buhu huɗu a bayan tsohuwar motar maƙwabcina, muka bar Dogon Dutsi gari bai gama wayewa ba. Ku da kuka daɗe kuna bibiyata kun san sana'ata: abincin kaji nake sayarwa, dusa da ƙuli da garin kifi, sai ɓawon kawa, wanda mu 'yan kasuwa muke ce wa kokiyaj. Daga bakin teku ake kawo mana shi ta Kwatano. A can shara ne, an cinye naman an watsar da ɓawon. A nan kuwa masu kiwon kaji ke saye, don kaza in ta ci, ɓawon ƙwanta ya kan yi ƙarfi.

To, shekara biyu ke nan wani mutum mai suna Arzika, daga wani ƙauye can gaba da Tibiri, yake zuwa yana ɗaukar buhu-buhu. Wata rana na tambaye shi kajinsa nawa. Ya ce ko ɗan tsako ba shi da shi. Na ce to miya yake yi da abin? Ya yi dariya ya ce cikin leda yake zubawa, ya ɗauki kayansa ya bar ni baki buɗe. Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Uwargidana ta ce in aka rufe tukunya a gabana ba ni da sukuni sai na ɗaga marfin. Saboda haka da ya kira ni kwanakin baya, murya ba daɗi, ya ce in aiko masa da sabon ɓawo wanda bai daɗe a shago ba, na ce da ƙafata zan kawo.

Maƙwabcin nawa siminti da rodi yake sayarwa, kuma ba don Allah ya ba da motarsa ba, don ya je ya yi dariya ne. Tun kafin mu wuce Kieshe ya fara wa'azi: abin da siminti bai riƙe ba, ledar da akuya ke ci ba za ta riƙe ba. Na ce masa ya riƙe sitiyari dai, don ramukan gudron, titin kwaltar nan, ba su san wa'azi ba. Ruwan shuka ya sauka kwana biyar kafin tafiyar tamu, gonaki dama da hagu cike da mutane, namiji na gaba yana sara, mata na bin baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ƙasa ta yi duhu, ƙamshinta har cikin mota. A shingen jandarma wani ya kwance bakin buhu ɗaya, ya ɗebo ɓawo ya jujjuya, ya ce lalle kajin Tibiri sun yi arziki, har daga teku ake musu cefane. Muka yi dariya, ya ɗaga mana igiya.

A Kore Mai Ruwa muka karya kumallo. Shayi da madara da rabin burodi dala sittin, mai shayin kuwa yana zuba madarar kamar maganin ciwon ido. Maƙwabcina ya ƙara da ƙwai biyu, ya fasa ɗaya da ɗan yatsa ya ce ga shi nan, kajin nan ba su san shagona ba. Daga nan muka bar gudron muka kama jan hanya. Wayyo bayana! Motar nan duk abin da ke jikinta ƙara yake yi in ban da oda. Amma idona ya sha kallo: goriba jere a gefen fadama, gawo ya fara zubar da ganye kamar yadda ya saba in kowa na tohowa, ga kuma baƙar leda, kowace ƙaya ta rataya nata. Ban taɓa kula da yawanta ba sai ranar, don ita ce a raina.

Mun shiga Tibiri da hantsi, muka tsaya wurin wata mai fura muka sha ta dala ashirin, mai kauri, gero ya ji daka. Na tambaye ta hanyar garin su Arzika. Ta dube mu daga sama har ƙasa.

"Arzika mai ƙona leda? Ku bi hanyar gabas, ƙauye na biyu. Amma in marfi kunka zo saye, ku koma gida. Sau biyu shina yi ma rijiyar garinsu, sau biyu shina tsagewa. Abin ruwa na ya saka ciki, ruwa kau sai ya kira kayanai."

Maƙwabcina ya ce wa'iyazu billahi, wannan camfi ne, ba iska ba aljan, leda ce kawai ba ta da ƙarfi. Mai fura ta ce to Malam, kai da ka sani, ka je ka gaya wa rijiyar. Ni dai na shanye furata muka kama hanya.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, muna doso ƙauye na biyu sai leda ta ɓace. Ƙayoyi fes, bakin hanya fes, kamar an yi sharar salla. Arzika ya tarye mu a bayan gari, inda ya kafa rumfar aikinsa nesa da gidaje. Ya rame ƙwarai a kan yadda na san shi. Bayan gaisuwa ya zagaya da mu, ni ina tambaya kamar ɗan jarida, shi yana amsawa da haƙuri.

Ya ce a Kwatano ya yi dako shekara uku, can ya ga tulin ɓawon nan a bakin ruwa, ya kuma ga masu narka leda suna yin tubalin daɓe. Ba kowace leda yake narkawa ba: baƙar leda da ta ruwan sanyi kawai, ban da bututun ruwa, don hayaƙinsa guba ne. Yana narka ta a rabin ganga ta ƙarfe, ya zuba yashi, ya zuba garin ɓawo, ya tuƙa da ƙatuwar muciya kamar tuwon biki, sannan ya juye a cikin akwatin ƙarfe da ya shafa wa baƙin mai. Na ce to ɓawon me yake yi a ciki? Ya ce leda ita kaɗai in rana ta buga ta sai ta yi laushi ta lanƙwashe. Yashi yana da nauyi amma ba ya cika ko'ina, yana barin ƙofofi. Garin ɓawo shi ke shiga tsakani ya cike, abin ya sandare ya yi sumul, ledar da ake bukata ma ta ragu. Ya nuna mana tubalan da ya fara yi, shimfiɗe a ƙofar rumfar, damina biyu suka sha ruwa. Maƙwabcina ya ɗauko ƙarfen kwance taya ya doka wa ɗaya, ya sake dokawa da ƙarfi. Ko gezau. Ya ce, "Hmm," ya mayar da ƙarfensa. Wallahi wannan "hmm" ɗin kaɗai ya biya ni wahalar hanya.

Daga nan Arzika ya kai mu bakin rijiyar gari, nan kuma dariya ta ƙare. Marfi biyu ne jingine da kututture, faɗinsu ya kai tabarmar salla. Duk sun kumbura, sun yi ƙuraje farare, sun tsage daga tsakiya. Na farko yayyafin ƙarshen damina ya kashe shi, na biyu ruwan shukar nan. Ya ce mai gari ya kira shi gaban dattawa: mutane sun haƙura da warin hayaƙinsa don suna zaton za a ga amfani, yanzu kuma mata sun fara tsoron rijiyar, suna cewa ya jawo musu mutanen ruwa. An ba shi dama ɗaya. In na uku ya tsage, ya kashe wutarsa har abada.

"In an kashe, mi ya rage mini nan?" in ji shi. "Gonarmu ba ta ciyar da mu wata biyar. Sai in bi hanyar haƙar zinariya, inda yayana ya tafi."

Na ce yayan yana can? Ya ce shekara shida ke nan, ba shi ba labarinsa. Ban ƙara tambaya ba.

Shi a tunaninsa ɓawon da nake sayar masa ne ya tsufa a shago, shi ya sa ya nemi sabo. Abin ya ɗan sosa mini rai, don ɓawo ba tumatir ba ne da zai ruɓe. Ya ce yau ɗin nan zai zuba na uku, sai dai daka sabon zai ci kwanaki, don haka zai haɗa da ragowar garin da ke gida. Muka bi shi gidan.

A tsakar gida muka sami mahaifiyarsa, tsohuwa 'yar firit mai kaifin ido, ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo kopto, zogale da ƙuli da ɗan yaji, irin wanda ke sa mutum ya manta yana da haƙoran roba. Auta take kiransa. Ya fito da garin a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa, an rufe bakinta da leda an ɗaure tam. Yana buɗewa na ce kai! Shekara ashirin ina sayar da ɓawon nan, ban taɓa ganin garinsa fari tas haka ba, laushi kamar garin alkama. Ɗanyen ɓawo ko injin ya niƙa shi sai ya yi tsaki-tsaki, launinsa toka-toka. Na sa hannu na ɗebo. Hannuna da gumi, ban kai ga murzawa ba na ji yana cizo, yana ɗumi. Arzika ya ce ai haka yake yi masa shi ma, gishirin teku ne.

Gishirin teku ina! Na jawo ƙwaryar da muka wanke hannu, na zuba cikin tafi biyu na garin a ɗan ruwan da ya rage. Ba a jima ba ya fara tsuwa, ya kumbura, tururi na tashi, gindin ƙwaryar ya yi zafi. Maƙwabcina da ya gama ƙaryata mai fura sai ga shi ya ja da baya yana karanto addu'a. Ni kuwa daɗin gano abu ya kwashe ni, bakina ya riga hankalina, na ɗaga murya har maƙwabta na leƙowa ta kan darni:

"Wannan ai ƙonanne ne! Wa ya sa wa ɓawon nan wuta?"

"Ni ta," in ji tsohuwar, tana murmushi, ta gyara zama.

Da alfahari ta faɗa, jama'a, da alfahari. Ta ce lokacin da Auta ya fara aikin nan da kansa yake daka makankarin, haka take kiran ɓawon, da guntun ƙarfen mota, kwana uku kafin ya cika tiya biyu, hannunsa duk ya faffashe. Ta ce masa ya bar mata, shi ya je kasuwanni neman ledarsa. Ita kuwa ta san makankari tun tana budurwa, lokacin da kowace mace ke kaɗi. Ba a dakansa ɗanye. Rami ake yi, a jera shi da busasshen kashin shanu, a rufe da wuta ya kwana ya wuni, ya fito fari yana marmashewa a hannu, a daka, a yayyafa ruwa ya huce, a cura. Shi ne alli, wanda mai kaɗi ke shafa wa yatsa don zare ya kama. Ta ce komai ta yi yadda uwarta ta koya mata, abu ɗaya kawai ta bari: Auta ya ce mata kada ruwa ya taɓa garin, don ruwa cikin narkakkiyar leda tartsatsi yake yi. Shi ya sa ba ta yayyafa ba, tana dakawa take ɗaurewa a tukunya. Shi kuma bai taɓa tambaya ba. Wane namiji ne ke tsayawa ya tambayi uwarsa yadda take daka?

Tana gama magana ta dubi ƙwaryar da ke huci. Ta dubi ɗanta. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Ba wanda ya yi mata bayani, ita da ta san alli ta fi mu sanin abin da yake yi in ya haɗu da ruwa. Ruwan da ta hana garin sha a tsakar gida, shi ya je ya sha a bakin rijiya, ya kumbura a cikin marfin ya fasa shi. Murmushin nan ya sauka a hankali.

"Ashe ni ta," ta ce, can ƙasa-ƙasa. "Kullum ina roƙon Allah kada Auta shi bi babban. Ashe da hannuna nika tura shi."

Arzika ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ba ki yi komai ba sai alheri, ni na ƙi tambaya." Ta tashi ta shiga ɗaki. Maƙwabcina ya matso ya ce mini a kunne, Alhaji, bakinka ya fi motata ƙara. Ban musa ba, gaskiya ya faɗa. Da na ja Arzika gefe na gaya masa a asirce, da tsohuwa ba ta sha kunya gaban baƙi da maƙwabta ba. Raina ya ɓaci da kaina ƙwarai.

Na ɗauka shi ke nan ba za mu sake ganinta ba. Sai ga ta ta fito, ta ci ɗamara da gyale, ta nufi darnin da matan ke leƙe. Ta ce musu ba doguwa ba ce, ba mutanen ruwa ba ne, ita ce ta yi alli ta ba ɗanta, su je su faɗa a bakin rijiya, su faɗa a ƙofar mai gari. Sannan ta ce duk mai dutsen niƙa ta fito da shi. Kafin azahar mata bakwai sun zauna a inuwar bedi, wato dogon yaro, an wanke sabon ɓawon an shanya ya bushe, mu maza muna farfasawa da ƙarfe, su suna niƙawa, tsohuwar na tankaɗe da rariya. Aiki ne na fitar rai. Tafin hannuna har yau da kanta, ni da rabona da abin da ya fi biro nauyi an daɗe. Matan na niƙa suna yi mini tsiya, wai baƙon Dutsi ya zo da baki ya manta da hannu a gida.

Abin da ya fi ba ni dariya maƙwabcina ne. Mutumin da ya zo kallon faɗuwa sai ga shi tsugune gaban akwatin ƙarfe yana faɗa, wai rodin da Arzika ya jera sun yi nisa da juna, haka ake yi? Ya koma mota ya ciro guntaye huɗu da ya ɓoye a ƙarƙashin kujera, ya ɗaure su da waya da hannunsa. Da la'asar aka hura wuta. Warin ba a magana, na ɗaure hanci da rawani na koma bayan iska. Ledar ta narke ta yi baƙi ƙirin, aka zuba yashi, aka zuba garin toka-toka, Arzika na tuƙi gumi na zuba, aka juye, aka danne da faifan ƙarfe. Tsohuwar na tsaye daga nesa, hannu a ƙugu, har aka gama.

Ba mu jira ya huce ba, don gabas ta haɗe, jan hanyar nan kuma in ta sha ruwa sai jaki. Na gaya wa Arzika daga yau kada wanda ya sake wahala, akwai injin da ke niƙa mini ɓawon kaji a Dutsi, niƙaƙƙe zan riƙa aiko masa, su tankaɗe kawai. Muna shiga mota tsohuwar ta miƙo mini ƙulli a tsumma, da ɗumi-ɗuminsa. Ashe ragowar farin garin ta yayyafa wa ruwa ta cura. Ta ce, "Ungo, baƙo. Wanga shi na aikinai na gaskiya. Ka kai ma mai ɗakinka, ko ba ta kaɗi ta gani." Na karɓa da hannu biyu, na ce Inna ki yafe mini bakina. Ta ce bakin da ya riƙe mata ɗa a gida ba ya neman gafara, amma in rage masa gudu.

Ruwan ya kama mu kafin Kore Mai Ruwa, kamar da bakin ƙwarya. Mai share gilashin motar ɗaya ne ke aiki, shi ma sai ya ga dama. Na san duk tunaninmu ɗaya: ruwan nan yana sauka can ma. Muka iso Dogon Dutsi ana kiran magariba, jiƙe sharkaf, uwargida ta dube ni ta ce to, an ɗaga marfin tukunyar? Na ce an ɗaga, har ya ƙone ni.

Abin da na koyo bai da yawa, amma ya zauna mini. Na san yanzu sharar bakin teku da sharar bakin kasuwarmu suna iya haɗuwa su rufe rijiya. Na san ɓawo ɗaya ne, amma ɗanye daban, ƙonanne daban, kuma wanda ya ba wani aiki ya zauna ya ga yadda ake yinsa, ko da uwarsa ce. Na kuma san gaskiya ma tana son a zaɓa mata wuri, duk da dai ban yi alkawarin zan iya ba. Allin yana nan kan teburin shagona, masu sayen dusa na tambaya ko magani ne.

Jiya Arzika ya kira. An ɗora marfin, ruwa uku ya sha, manya, bai tsage ba. Mai gari bai yanke hukunci ba tukuna, ya ce sai damina ta raba tsakiya, don haka ku sa shi a addu'a. Maƙwabcina, da ke cewa ba ruwansa, ya tambaye ni sau biyu ko an kira. Na ce wa Arzika ina Inna? Ya ce duk ranar da aka yi ruwa, ita ke riga kowa zuwa rijiya, ba guga ba tulu. Sai ta durƙusa ta bi marfin da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, ta tashi ta dawo gida ta ɗora masa koko.